Awa Miliyan a Kan Takarda: Yadda Ake Auna Ƙwazo da Ƙarkon Tiransiston Maikurowef

Duk wanda ya buɗe takardar bayanin tiransisto, ɗan ƙaramin abin nan mai ƙara wa saƙon lantarki ƙarfi da ake sa wa na'urar rada ko turken wayar salula, zai ci karo da wata lamba mai ɗaure kai. Kamfani zai rubuta cewa ran na'urar ya kai awa miliyan ɗaya, muddin zafin cikinta bai wuce kaza ba. Awa miliyan ɗaya shekara 114 ke nan. Alhali tiransiston farko a duniya a 1947 aka ƙera shi a Bell Labs da ke Amurka, irin na galiyom naitirayid da ake yayi yanzu kuwa sai 1993 ya fara aiki a ɗakin gwaji. Babu mahaluƙin da ya zauna ya ga ɗayansu ya cika kwanakin da aka yi masa alkawari. Abin da ke cikin lambar ɗan awo ne kaɗan, sai lissafi mai yawa da aka ɗora a kansa. Kusan duk lambobin da ake tallata wannan na'ura da su haka suke, daga saurinta har ƙarfin da take fitarwa, kuma rabin gwanintar injiniya a wannan fage ita ce sanin inda awo ya tsaya da inda kirdado ya karɓa.

Awon kansa ma ba abu ne mai sauƙi ba. A wutar batir, mita da wayoyi biyu sun wadatar: ka taɓa nan, ka taɓa can, ka karanta matsin lantarki da kwararar da ke bi. Maikurowef kuwa igiyoyin rediyo ne masu kaɗawa daga sau miliyan ɗari uku har biliyan ɗari uku a sakan guda. Igiyar gigahaz 10, wato mai kaɗawa sau biliyan goma a sakan, tsawon zangonta a iska santimita 3 ne kacal. Da zarar tsawon waya ya fara kusantar tsawon zangon, matsin da ke wannan baki ya sha bamban da na wancan, wayar da ka kawo don awo ta zama wani ɓangare na abin da kake aunawa. Ɗan siririn zaren zinare mai tsawon milimita ɗaya, irin wanda ake haɗa tiransisto da gidansa, yana yi wa igiyar gigahaz 10 turjiyar da ta kai kusan om 60. Ga shi kuma tiransisto mai sauri ba ya son a bar bakinsa a buɗe ko a toshe shi gaba ɗaya, kamar yadda tsofaffin hanyoyin awo ke bukata. Sai ya fara kaɗawa da kansa, wani lokacin har ya ƙone.

Mafitar da aka samu ita ce a daina tambayar matsi da kwarara, a koma tambayar igiya. Ana tura ƙaramar igiya cikin na'urar ta layi mai turjiyar om 50, a duba nawa ta dawo da baya, nawa ta wuce gaba, da kuma jinkirin da kowacce ta yi. A juya a yi haka ta ɗaya bakin. Sakamakon lambobi huɗu ne da ake kira ma'aunan S, wato S11, S21, S12 da S22, a kowane saurin kaɗawa. Kaneyuki Kurokawa ya ƙarfafa tushen lissafinsu a 1965, kamfanin Hewlett-Packard kuma ya fito da na'urar awonsu mai lamba 8410 a 1967. Har gobe a kan da'irar da Phillip Smith ya zana a 1939 aka fi karanta S11 da S22.

Sai dai na'urar awo ba ta san inda tiransisto ya fara ba. Tana haɗa shi da kebul, da mahaɗai, da duk wani lanƙwasa da ke kan hanya, ta ba ka jimla. Dole a fara auna wasu abubuwa da aka riga aka san halinsu, a yi amfani da su a cire kurakuran hanya, kamar mai sikeli da ke cire nauyin kwando kafin ya faɗi nauyin kaya. Tsohuwar hanya tana amfani da baki buɗaɗɗe, baki toshasshe, turjiyar om 50 da haɗi kai tsaye, amma ingancinta ya rataya ne a kan yadda aka san waɗannan huɗun da kyau. A 1979 Glenn Engen da Cletus Hoer na hukumar ma'aunai ta Amurka suka kawo hanyar TRL, wadda ta jingina a kan gutun layi kawai, abin da ya fi sauƙin ƙerawa daidai. A yau yawancin awon a kan faifan da aka ƙera tiransistocin ake yin sa, tun ba a yayyanka shi ba. Mai awo yana leƙe ta madubin ƙara girma, yana sauko da wani ɗan baki mai tsini uku, tazarar kowane tsini da ɗan'uwansa maikiron 100 ko 150, wato kusan kaurin silin gashi. Idan tsinin ya taɓa dandamalin ƙarfen sai ya ɗan zame gaba ya bar zane. Tsawon zanen nan shi ne shaidar cewa ya zauna da kyau, kuma idan saukar ta yau ta bambanta da ta lokacin saiti, lambobin sun riga sun karkace. Bayan haka ma akwai sauran aiki, don dandamalin da aka sauka a kai yana da nasa tasirin, wanda a ƙananan tiransistoci kan yi kusan daidai da na tiransiston kansa. Shi ma sai an auna wani dandamali fanko a gefe an cire.

Daga waɗannan ma'aunai ake fitar da lambobi biyu da kowa ke alfahari da su. Ta farko, fT, ita ce saurin kaɗawar da tiransisto ke daina ninka kwarara. Ta biyu, fmax, ita ce inda yake daina ƙara wa igiya ƙarfi kwata-kwata, kuma ana yawan lissafa ta da ma'aunin da Samuel Mason ya kawo a 1954. Wanda ya ce tiransistonsa na da fmax na gigahaz 400, sau da yawa na'urar awonsa a 67 ko 110 ta tsaya. Abin da ya yi shi ne ya ɗora layi a kan bayanan da ya samu, ya miƙa shi bisa ƙa'idar cewa ƙarin ƙarfi na raguwa da desibel 20 duk lokacin da saurin kaɗawa ya ninka goma, ya duba inda layin ya taɓa sifili. Ƙa'idar tana da tushe mai kyau. Amma daga wane wuri aka fara miƙa layin, kuma nawa aka cire da sunan dandamali, waɗannan zaɓin mutum ne, kuma suna motsa amsar sosai. Ko da aka sanar a 2007 cewa tiransiston indiyom fosfayid na kamfanin Northrop Grumman ya haura terahaz ɗaya, wato gigahaz dubu, a fmax, ta wannan hanyar aka samu lambar. Sai a 2014 aka nuna amfilifaya da ke aiki a terahaz ɗayan a zahiri.

Duk wannan labarin ƙaramar igiya ne, wadda ba ta girgiza na'urar daga inda aka ajiye ta. Amfilifayar da ke tura saƙo daga turke ko daga tauraron ɗan'adam tana kora tiransisto ne daga rufewa ruf zuwa buɗewa wangale sau biliyoyi a sakan, a nan kuwa ma'aunan S ba su da ta cewa. Ana komawa ga wani awo mai cin lokaci: a riƙa sauya turjiyar da bakin fitar tiransiston ke gani, ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta ƙarfin da ya fito da wutar da aka ci. Idan aka zana sakamakon a kan da'irar Smith sai a ga zobba, kuma kusan kullum cibiyar zoben ƙarfi mafi yawa daban take da ta zoben tattalin wuta. Mai zane ya zaɓi wanda zai sadaukar. Steve Cripps ya nuna a 1983 cewa ana iya hasashen siffar zobban ƙarfin da lissafi mai sauƙi, daga iyakar matsi da iyakar kwarara kawai. Matsalar wannan awo ita ce amsarsa ta wannan girman tiransisto ce, a wannan saurin kaɗawa, da wannan matsin. Sauya ɗaya, ka koma ɗakin gwaji.

Abin da ya sa ake bukatar samfurin lissafi ke nan, wato jerin ƙa'idoji da kwamfuta za ta riƙa yi wa tambaya a madadin tiransiston gaske. Na ƙaramar igiya bai da rikici sosai: da'ira ce mai ɓangarori goma sha wani abu, kuma tun 1988 Gilles Dambrine da abokan aikinsa a Lille ta Faransa suka nuna yadda za a ware na waje daga na ciki ta hanyar auna tiransiston ba tare da matsi a magudanarsa ba, wato bakinsa na fita. Na babbar igiya ne ake ta fama da shi shekara da shekaru. Walter Curtice ya kawo nasa a 1980, Hermann Statz da abokansa a 1987, Iltcho Angelov na jami'ar Chalmers a Suwidin a 1992. Dukkansu siffofin lissafi ne da aka zaɓa don sun yi kama da abin da awo ke nunawa, sai a murɗa lambobinsu har su hau kan bayanan. David Root ya bi wata hanya a 1991: a zuba awon kansa cikin jadawali, kwamfuta ta cike giɓin da ke tsakani. A 2018 kuma ƙungiyar masana'antu da ke tantance irin waɗannan samfura ta amince da guda biyu don galiyom naitirayid, ASM-HEMT da MVSG, waɗanda suka fi jingina da kimiyyar abin da ke faruwa a cikin na'urar.

A ganina gardamar wanne ya fi ba ta kai muhimmancin tambayar da ake yawan tsallakewa ba: a wane yanki aka gwada samfurin? Wanda aka murɗa ya dace da awo yana da gaskiya a cikin iyakar awon, da zarar an fita kuma zai ci gaba da ba da amsa cikin natsuwa, ba tare da ya nuna alamar cewa ƙirƙira yake yi ba. Akwai kuma wani abu mai ruɗi. Samfuri na iya bin layin kwarara har ido ya kasa rarrabe su, amma ya faɗi warwas wajen hasashen gurɓatar saƙo, saboda gurɓatar ta dogara ne da yadda lanƙwasar layin ke sauyawa, abin da ƙaramin kuskure ke ninkawa. Masu zane kuma suna da nasu hukuncin da ba ruwansa da kimiyya: samfurin da ke sa kwamfuta ta kasa kammala lissafi, komai daidaitonsa, ajiye shi ake yi a ɗauki wanda ke gudu.

Galiyom naitirayid ya ƙara dagula lamarin. Giɓin kuzarinsa, wato kuzarin da ilektron ke bukata kafin ya kuɓuce ya ɗauki wuta, ilektron-bolt 3.4 ne, na galiyom asenayid 1.42, na silikon 1.12, shi ya sa yake jure matsi mai yawa, ake kora shi da bolt 28 ko 48. Inda galiyom asenayid ke ba da wat ɗaya ko ƙasa da haka a kowace milimita ta faɗin ƙofa, wato siririn ƙarfen da ke buɗe hanyar kwarara da rufe ta, masu bincike na kamfanin Cree sun nuna fiye da wat 30 a 2004, kodayake na kasuwa ana tsayar da su ƙasa da haka nesa ba kusa ba saboda zafi. Amma na farko-farko sun ba mutane kunya. A awo na tsaye kwarara ta cika, a kunna igiya sai ƙarfin ya gaza abin da lissafi ya nuna. Dalilin tarkuna ne, wato lahani a saman kiristal ɗin da cikinsa, masu cafke ilektron idan matsi ya hau. Cafkewar nan take ce, sakin kuwa yana ɗaukar daga kaso kaɗan na sakan har sakanni. Muddin suna riƙe, hanyar kwarara a ƙuntace take. Rufe saman da silikon naitirayid da ɗora wani farantin ƙarfe da ke baza matsin a gefen ƙofa sun rage matsalar ƙwarai, amma ba su kashe ta ba.

Ma'anar haka ita ce tiransiston yana da tunawa. Abin da zai yi yanzu ya danganta da abin da ya same shi ɗazu. Don a kama wannan hali ake awo da ƙyaftawar wuta da ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba: a ajiye na'urar a wani matsi, a yi wuf a leƙa wani, a dawo kafin zafi ya taru ko tarkuna su saki. Idan aka sauya wurin ajiyewar aka ga layukan sun sauka, giɓin da ke tsakani aikin tarko ne. A rada wannan na sa bugun farko ya bambanta da na goma. A turken salula yana wahalar da na'urar da ke gyara gurɓatar saƙo tun kafin a tura shi. Kuma zafi da tarko a cakuɗe suke, don zafi na hanzarta sakin, ga shi dukkansu rage kwarara suke yi. Samfura da yawa sun dace da awo ne kawai saboda an ɗora wa ɗaya laifin ɗayan.

Yanzu a dawo kan awa miliyan. Tunda ba za a jira ba, tsufa ake gaggauta wa na'urar da zafi. Ana ɗibar rukuni uku ko fiye, a kora kowanne a zafi daban, duk sama da na aiki, a jira su gaza. Gazawar ma yarjejeniya ce: galibi idan kwarara ta ragu da kashi 10 ko 20 cikin ɗari, ko ƙarfi ya sauka da desibel ɗaya, an ƙirga shi matacce ko da yana aiki. Sai a ɗora lokutan a kan ƙa'idar da Svante Arrhenius ya kawo a 1889 don saurin haɗuwar sinadarai, a fitar da lamba ɗaya da ake kira kuzarin tayarwa, mai nuna yadda zafi ke hanzarta lalacewar, a miƙa layi zuwa zafin aiki. Idan kuzarin ilektron-bolt 1.6 ne, awa ɗaya a digiri 300 na Salshiyas tana daidai da kusan awa dubu ɗari a digiri 150. Tazarar da ake tsallakewa da layi ɗaya ke nan.

Layin yana tsaye ne a kan ƙafa biyu, kowacce da rauninta. Ta farko sanin zafin. Ba zafin gidan tiransiston ake nufi ba, zafin wani ɗan wuri ne a gefen ƙofa ta ɓangaren magudana, wanda faɗinsa bai kai maikiron ɗaya ba, kuma yana binne ƙarƙashin ƙarfe. Kyamarar zafi ba ta iya ganin abu mai ƙanƙantar haka, sai ta gauraya shi da kewayensa mai sanyi ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. Martin Kuball da ƙungiyarsa a jami'ar Bristol ta Ingila sun inganta awo da hasken leza tun farkon shekarun 2000, wanda ke kusantar wurin sosai, duk da haka kololuwar zafin da lissafin kwamfuta ake cike ta. Da kuzarin 1.6, kuskuren digiri 10 kawai a kusa da digiri 150 ya isa ya sauya ran na'ura fiye da ninki biyu. Haɗarin da ya fi yawa shi ne a gauraya ma'auni: kamfani ya zana layinsa da kololuwar zafi, mai saye ya auna nasa da kyamara, ya ɗauki ƙaramar lambar ya karanta a kan layin kamfani. Sai ya tafi da tabbacin shekarun da ba nasa ba.

Ƙafa ta biyu ta fi haɗari, don ita zato ce: cewa abin da ke kashe na'urar a digiri 300 shi ne zai kashe ta a 150. A galiyom asenayid zaton ya daɗe yana aiki, saboda babban mai kisan shi ne nutsewar ƙarfen ƙofa cikin kiristal, abin da zafi ne ke kora shi. Ko a can ma an sha mamaki. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin na 1990 aka gano cewa iskar haidirojin da ke fita daga jikin gidan ƙarfen da aka rufe ruf tana haɗuwa da filatinom ɗin ƙofa ta lalata tiransisto, abin da gwajin da aka yi a waje da gidan ba zai taɓa nunawa ba. A galiyom naitirayid kuwa matsin lantarki ne ke kan gaba a hanyoyin lalacewa da dama. Jungwoo Joh da Jesús del Alamo na MIT sun nuna daga 2006 cewa matsi mai yawa na miƙe kiristal ɗin a gefen ƙofa har ya yi lahani, aka kuma ga ramuka da tsaga a wurin da madubin ilektron. Bincike na baya ya nuna danshi da iskar oksijin na da hannu a ramukan. Ilektron masu gudun wuce kima su ma suna ɓarna, kuma ɓarnarsu ba ta damu da zafi sosai ba.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar. A ce na'ura na da cuta biyu. Ɗaya kuzarinta 1.6, za ta yi kisa bayan awa miliyan a digiri 150. Ɗayar kuzarinta 0.5, za ta yi kisa bayan awa dubu hamsin, wato ƙasa da shekara shida. A kai su digiri 300: ta farko ta gaggauta kusan sau dubu ɗari, ta kashe na'urorin gwajin cikin awa goma, ta biyu kuwa sau 36 kawai ta gaggauta, tana bukatar kusan awa 1,400 kafin ta nuna kanta. Gwaji ya ƙare, layi ya miƙe sumul, an rubuta awa miliyan, kuma babu wanda ya yi ha'inci.

Akwai kuma abin da lambar ba ta ɗauke da shi tun asali. Yawanci tana nufin lokacin da rabin na'urorin suka gaza. Mai rada mai ɗauke da dubban amfilifayoyi, ko mai tauraron da ba za a hau a gyara ba, damuwarsa ita ce yaushe ɗaya cikin dubu zai faɗi, wannan kuwa ya danganta da yadda lokutan gazawa suka warwatsu, abin da na'urorin gwaji ashirin ko talatin ba sa bayyanawa da kyau. Masu mutuwar wuri saboda lahanin ƙira su ma wata ƙabila ce daban, ana tace su ne da ƙonawar gwaji, wato kora su na ɗan lokaci cikin zafi, kafin a sayar.

Shi ya sa masu saye da ba su da damar yin kuskure ba sa tsayawa a layi ɗaya. Suna neman a gwada na'urar a rufe da matsi mai yawa, a gwada ta rabi a buɗe inda ilektron ke gudu da zafi, a kora ta da igiyar gaske har ta ƙoshi, a bar wasu na dubban awoyi a zafin da ya kusanci na aiki, a sa wasu cikin danshi. Waɗanda suka gaza a yanka su a leƙa da madubin ilektron, a tabbatar cewa raunin da ke jikin na digiri 300 shi ne ke jikin na digiri 250. Idan raunukan suka bambanta, ba a yarda a haɗa lokutansu a kan layi ɗaya, kuma dole a sake rukunin gwaji a zafi mafi ƙasa, ko da hakan zai ƙara watanni kafin kayan su fita kasuwa.